Ƙyallayen da Yafendo Ta Ce a Mayar

Da sunan Allah wanda yake ba da rai aro, yake kuma karɓar abinsa ranar da ya ga dama. Yayar mahaifiyata, wadda muke kira Yafendo kamar yadda muka ji maƙwabtanmu Fulani suna kiran tasu, ta rasu a Garwa wata Talata da hantsi, tsakiyar damina, lokacin da ruwan Binuwai ya hau gonakin bakin kogi. Na zauna rubuta wannan ne don kada a manta da ita, ko da yake ita da kanta ta shirya dabarar da za ta hana a manta, ta ɗora dabarar a wuyana, ta yi tafiyarta. Saboda dabarar nan autarta ta yi wata huɗu ba ta amsa gaisuwata. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, sannan in yi istigfari.

Ita Kirista ce, mu Musulmi. Ita da mahaifiyata su biyu suka sauko daga ƙauyensu na wajen Figil suna 'yan mata. Mahaifiyata ta auri Bahaushe ɗan kasuwa, Yafendo ta auri magini mai yi wa mishan aiki. Ranar zaman makoki gidan ya rabu biyu ba tare da kowa ya ce a raba ba. Matan majami'arsu suna tsakar gida suna waƙoƙinsu, mu mazan gidanmu muna ƙofar gida a kan tabarmi, ƙarƙashin dogon yaro.

Can cikin kuka sai muka ji dariya ta tashi daga ciki. Na leƙa. Wata tsohuwa mai sayar da kifi ce ta ɗaga bakin zaninta tana nuna wa ta kusa da ita wani gurbi mai faɗin yatsu uku.

"Sabo fil! Ranar da na fara ɗaura shi!"

"Ke naki ɗaya ne," in ji ɗayar. "Ni ba ni da zanin da ya tsira."

Fastonsu, mutum mai natsuwa, ya buɗe kwat ɗinsa a hankali ya nuna shafin ciki. Nan ma akwai gurbi. Mahaifiyata kuwa, da idanunta jawur, cewa ta yi: "Kafin ku rufe akwatin nan ku duba ƙugunta. In almakashin yana nan ku cire, kada ta je can ta ba mu kunya." Ta faɗa, ta koma ta ci gaba da kukanta.

Wanda bai san Yafendo ba zai ce mene ne wannan. To, ga yadda abin yake.

Ita mace ce da hannunta ba ya zama. A gidanta ba a zubar da komai. Gwangwanin madara ya zama fitila. Marafan kwalba ta huda su ta zura a igiya suka zama labulen ƙofa mai ƙara, wanda ko kaza ta shiga ɗaki sai unguwa ta ji. Ƙwaryar da ta fashe sai ta ɗinke ta, in ta sake fashewa ta sake ɗinkewa, har ɗinkin ya fi ƙwaryar yawa. Gicciyen da ke bangon ɗakinta na karan dawa ne, kowace kaka take sabunta shi da karan gonarta. Lokacin Kirsimeti sai ta tara jikoki su gina tumaki da raƙuma da yumɓun bakin kogi, su jera a gindin gwanda. Raƙumanta kullum sun fi kama da agwagi, amma ba mai iya faɗa mata. Kafin a ci abinci tana addu'a, ba gajeriya ba. Sai ta gode wa Allah don dawa, don wanda ya nome ta, don jakin da ya ɗauko ta, don mai injin niƙa da bai ha'ince ta ba. Na sha cin tuwo mai sanyi a gidan nan.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya addabi jama'a shi ne mayafin.

Tun bayan da mijinta ya faɗo daga kan gini ya tashi da karayar hannu kawai, ta yanko ƙyalle daga rigar da yake sanye da ita ranar, ta ɗinka a kan wani tsohon zane. Daga nan ta ɗauki al'ada. Duk wanda Allah ya yi wa wani alheri ta ji labari, sai ta yanki tufar da ke jikinsa ta ƙara. Ba ta tambaya. Almakashin yana ɗaure a ƙugunta, tana yi maka barka da baki, hannunta yana bayanka. In ka yi magana sai ta ce, "In ban ɗinka ba zan manta, in na manta kuwa da me zan gode?" Mutane suka koyi zuwa gidanta da tsumma. Ita kuma ta koyi bin su gida ranar Lahadi bayan an tashi daga majami'a, lokacin da kowa yake cikin kayansa na kirki.

Ni ta kama ni ranar sunan ɗana na fari. Babbar riga ce ta shadda, mahaifina ya sa aka kawo mini daga Kano, aikin wuyanta kaɗai ya ci wata biyu. Ina tsaye ina amsa barka sai na ji ƙyas a bayana.

"Yafendo! Rigar suna ce fa!"

"Da ta zuwa gona zan yanka? Allah ya ba ka ɗa namiji lafiyayye, ka tsaya kana lissafin shadda. Malamin banza."

Malam take ce mini, don na yi makarantar allo na sauke, na kuma zauna gaban malamina na koyi rubutun ajami har ina rubuta wa 'yan kasuwa wasiƙu. Wannan rubutu shi ya jawo mini. Da mayafin ya yi girma har ya rufe gado ya sauko ƙasa, ta fara tsoron kada kanta ya rikice. Babban ɗanta akawu ne a ofishin gwamnati, autarta malamar lekol ce, wato makarantar boko, duka biyu suna rubuta Faransanci kamar ruwa. Ta ce ba ta so. "Wannan rubutun takardar haraji ne. Ni da Hausa nake addu'a, da Hausa za a rubuta." Haka na zama magatakardanta. Duk Asabar da safe ina zaune a zaurenta da alƙalami da tawada, takarda kuwa buhun siminti ne na Figil da ta karkaɗe, ta yayyanka, ta ɗinke gefensa da zare. Ta sa yatsa a kan ƙyalle, ta faɗi mai shi da abin da aka gode, in rubuta. Har ta koma jera ɗinkinta daga dama zuwa hagu don ya bi tafiyar alƙalamina.

Ranar farko muka yi karo. Ta ƙare layi da "cikin sunan Yesu," na ɗaga alƙalami.

"Yafendo, wannan hannuna ba zai rubuta ba. Kin san addinina."

Ta dube ni ta saman ido. "Wa ya ce ka sayar da addininka? Bar wurin fili. Ni zan cika da bakina."

Haka muka yi shekara da shekaru. Kowane layi yana da ɗan fili a ƙarshensa, in na kai nan in tsaya, ta faɗi nata, mu wuce.

Abubuwan da na rubuta kuwa, Allah kaɗai ya san haƙurin da na yi. An gode don maƙwabci ya dawo daga Marwa lafiya. An gode don jikanya ta fitar da haƙori. An gode don kunama ta harbi surukarta a ƙafa, ba a wuya ba. Wata rana ɓarawo ya shigo ya kwashe kaji, garin haura katanga ƙaya ta yage masa riga. Ta tsinto ƙyallen ta wanke ta ɗinka.

"Me zan rubuta a nan?" na tambaye ta. "An gode an yi mana sata?"

"Rubuta: an gode ya bar zakara. Kuma bai karya ƙafa ba, ɗan wata ne."

Akwai wanda ban yi dariya ba. Matata ta yi haihuwa ta uku a lopital, asibiti ke nan, abin da aka haifa bai zo da rai ba, ita ma da ƙyar aka same ta. Yafendo ta tattaro tabarmarta ta tare a gidanmu kwana bakwai. Ita ke dafa ruwan wanka, ita ke dama kunu, ita ke korar masu dogon surutu. In lokacin salla ya yi ita ke kawo wa matata buta, ko da yake matar ba ta salla a kwanakin, sai dai ta wanke fuska ta ji sanyi. Ban ga almakashi ba, na ce a raina tsohuwa ta san ya kamata. Rana ta bakwai tana naɗe tabarma sai na ji ƙyas.

Ban san lokacin da na ɗaga murya ba. "Gawa muka binne! Me za ki gode a nan?"

Ba ta ɗago ba. Ta ninke ƙyallen ta sa a bakin zaninta. "Biyu suka shiga ɗakin haihuwar nan, Malam. An bar maka ɗaya."

Na yi kusan shekara ban taka zaurenta ba. Ba ta aiko ba, ba ta yi ƙorafi ba. Matata ce ta gaji ta ce mini, "Zanina aka yanka, ba naka ba. Ni na yafe, kai me ka riƙe?" Da na koma, Yafendo ko sannu da zuwa ba ta tsawaita ba. Ta turo mini tawada da ƙafa, ta sa yatsa daidai inda muka tsaya, ta karanto mini na shekara guda daga ka, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Hannuna ya yi kwana biyu yana ciwo.

Mako biyu kafin rasuwarta ta aika a kira ni da safe. Tana kwance, mayafin yana kanta, autarta ta tafi lekol, mahaifiyata na gefe tana yi mata fifita. Ta ce in buɗe sabon shafi.

"Rubuta. In na tafi, a warware mayafin nan. Kowane ƙyalle a mayar wa mai shi, a karanta masa abin da aka rubuta a kansa. Wanda ya mutu a ba 'ya'yansa."

Na ajiye alƙalami. "Yafendo, kin san abin da kike faɗa? Aikin shekara nawa ne wannan? Wasu suna Tibati, wasu suna Tinyer, wasu ban san duniyar da suke ba. Ki bar wa 'ya'yanki abinki mana."

"Ba nawa ba ne. Ajiya na yi musu, don na san su, mantuwa gare su. Ka ga wanda ya tafi da kayan ajiya kabari?"

"To wa zai yi yawon?"

"Wa ya iya karatun?"

Na dubi mahaifiyata ko za ta cece ni. Ta kau da kai ta ci gaba da fifita. Yafendo ta kama gefen hannun rigata ta ce in ce na ɗauki amana. Mutum yana kwance yana numfashi da ƙyar, me za ka ce? Na ɗauka.

Kwana uku bayan binnewa na fito da takardar a gaban iyali. Yayanmu akawu ya riga ya gama shirinsa: za a sa mayafin a katako a rataye a majami'a, har ya yi magana da kafinta. Auta kuwa ta riga ta ninke shi ta kai ɗakinta. Ita ce ba ta yi aure da wuri ba, ita ta zauna da tsohuwa, ita ta yi jinya, kuma su biyun kullum cikin cacar baki suke kamar sa'o'in juna. Na karanta musu wasiyyar har ƙarshe.

Akawu ya karɓi takardar ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa. "Malam, ba ƙaryata ka nake ba. Amma wannan tafiyar tsutsa, wa ya san abin da ke ciki in ba kai ba?"

"Ga Inna nan, a gabanta aka yi."

"Inna mahaifiyarka ce."

Ya sa takardar a aljihu ya hau babur ya tafi kasuwa, ya nemi wani tsoho mai sayar da huluna wanda bai san ko ɗayanmu ba, ya ce ya karanta masa. Ya dawo yana share gumi.

"Haka ne," ya ce. "Kalma da kalma. Ya kuma ce in gaya wa mai rubutun ya riƙa gyara bakin alƙalaminsa."

Auta ta miƙe. Muryarta ba ta tashi ba, shi ya fi ba ni tsoro. "Yaya Malam, gidan nan na babban yaya ne, gona ta jikoki ce. Ni ban nemi komai ba. Shekara nawa ina wanke mayafin nan, ina shanya shi, ina kwana a ƙarƙashinsa ranar da zazzaɓi ya kama ni. Warinta yana jiki. Shi kaɗai nake so. Ka ce ba ka ji ba mana. Wa zai kama ka?"

Wallahi na so in ce ban ji ba. Da na huta da yawo, da na huta da fushinta. Amma mai mutuwa ta riƙe hannun rigata na ce na ɗauka. Na ce, "Auta, amana ce." Ta shiga ɗaki ta ɗauko shi ta ajiye a gabana ba tare da ta dube ni ba. Washegari ta kwashe kayanta ta koma ɗakin da lekol ke ba malamai.

Mahaifiyata da matata suka yi warwarar da reza, ni ina bin layi ina ɗaure kowane ƙyalle da 'yar takardarsa. Ɗinkin tsohuwar nan kamar ta yi shi don gaba da mu, kowane gefe sau biyu ta bi. Mahaifiyata tana yanka tana mita: "Tun muna yara haka take. Ta ƙulla, wani ya kwance."

Sannan yawo. Na cikin gari na bi su da ƙafa bayan la'asar. Na nesa na jira ranar da kamiyon 'yan goro, babbar motarsu ta kaya, zai tashi in laɓe a baya. A Figil na sami wani direban kamfanin siminti, na miƙa masa ƙyallen kaki na karanta: an gode birki ya tsinke a gangara, motar ta tsaya a yashi. Ya ce, "Ka san na manta da ranar nan?" Ya zauna a kan taya ya daɗe bai tashi ba. A Tibati mai ƙyallen ya rasu, matarsa ta karɓa ta shinshina, ta cika mini jaka da busasshen kifi, na dawo mota duk ana toshe hanci ana harara ta. Wani tela a unguwarmu ya jefo mini nasa ya ce in kawo sabuwar riga in ina son godiya. Na ɓarawo kuwa yana nan a akwatina, in kun san shi ku turo shi.

Na Auta na ware gefe tun farko, don na san ba za ta saurare ni ba. Ban lura da yawansu ba sai da na gama da kowa na zo ɗaure su. Na akawu 'yan kaɗan ne, tafin hannu ya ɗauke su. Nata sai da na nemi faifai.

Na je wata Asabar da safe. Tana bakin ƙofa tana duba littattafan 'yan makaranta. Na yi sallama, ta amsa wa iska. Ba ta ba ni tabarma ba, na zauna a kan dutse na ajiye faifan tsakaninmu.

"In karanta?"

"Amana ce ai. Karanta ka tafi."

Na fara. Farin ƙyalle na zanin goyo: an gode ta zo da rai bayan an fid da tsammani. An gode ƙyanda ta bar mata idanunta. Shuɗi na rigar lekol: an gode ta ci jarrabawa, ko da yake ta ce ba da addu'ata ta ci ba. An gode wanda ya so aurenta ya fasa, ban faɗa mata ba amma mashayi ne. An gode ta ƙona miya yau, ta yi dariya, na daɗe ban ji dariyarta ba. Jan biron da ke hannunta ya tsaya. Na ci gaba. Rana ta hau, inuwa ta bar dutsen da nake kai, ban motsa ba. Wajen tsakiya ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Kana sauri." Na rage.

Na ƙarshe ɗan ƙyallen atamfa ne, an yanke shi a karkace, hannun tsohuwar ya riga ya yi rauni. Ni na rubuta layin amma na manta da shi sai da na gan shi: an gode Auta ta yi mini tsawa yau don na ƙi shan magani. Mai ƙarfin tsawa ba za ta rushe ba in na tafi.

"Tsohuwar nan," in ji Auta. "Tsohuwar nan!" Ta kifa fuska a cikin faifan, kafaɗunta suna rawa, ban san kuka ne ko dariya ba, ina jin duka biyu ne.

Da ta ɗago ta share fuska da bayan hannu ta ce, "Ɗauko takardar wasiyyar. Ta ce a mayar wa kowa nasa. Ta ce kada mai shi ya sake haɗa abinsa?"

Na buɗe na bi layin da yatsa har ƙasa, na sake bi. "Ban ga inda ta hana ba."

Ta shiga ɗaki ta fito da tabarma ta shimfiɗa mini, sai yanzu, bayan ƙafafuna sun mutu. Ta koma ta fito da allura da zare. Ta gwada, ta sake gwadawa, ta miƙo mini.

"Idona ba ya gani, Yaya Malam. Zura mini."

Ni ban taɓa riƙe allura ba. Sai a karo na huɗu zaren ya shiga.

Yafendo dai ta tafi ga wanda ya san ta fiye da yadda muka san ta, kuma hukunci nasa ne, ba na mai alƙalami ba. Abin da na sani na rubuta. Allah ya ba mahaifiyata haƙurin rashin yayarta, ya ba 'ya'yanta dangana, ya sa mu cika da kyau in tamu ta zo.